Tumatirin Baba Direba

"Wannan safe da yamma. Wancan yamma kawai. Na cikin tayar nan kuwa kada ki kusance shi da ruwa, saiwarsa ruɓewa take."

Baba Direba na nunawa da sanda, mai tasi na danna hon a waje. Maman 'Yan Biyu, mai kitson da ɗakinta ke kallon nasa, tana ta "to, to", ba ta riƙe ko ɗaya ba. Tayoyin ma uku ne.

"Baba, wace tayar?"

"Ke dai kwana biyu ne. Dubawa kawai likita zai yi."

Lambun ɗan lungu ne tsakanin katanga da tankin ruwa: tumatir a bokitan fenti, alayyahu a fasasshen baho, sai tayoyin, da ganyayen da ba ta san sunansu ba. Ita da ke yi masa tsiya kullum kan yana shayar da ciyawa alhali mutane na neman na wanka, yau ga ta da aikin.

Zafin bana ya wuce misali. Famfo sai ya ga dama. Ta koma tara ruwan ɗauraya, tana rabawa da kofi. Ta hana tayar farko, ganyen ya langaɓe. Ta ba ta, ta hana ta biyu, ita ma ta yi yaushi. Sai ta kira shi a waya.

Muryarsa ta fito can ƙasa. "Wa ke nan?"

"Ni ce, Baba, maƙwabciyarka. Wace taya ka ce?"

"Auta? Kin dawo daga makaranta?"

Ta dubi wayar. A iya saninta ba shi da 'ya mace.

"Eh, na dawo," ta ce. Har ta ajiye wayar ba ta san dalilin faɗin haka ba.

Washegari tana tsugune a lungun da rana tsaka wani mutum mai furfura jefi-jefi ya yi sallama, mabuɗin ɗakin Baba a hannunsa. Ya ce shi ne ɗansa. Ya ce Baba ya cika da safe, har an kai shi.

Ta yi salati. Sai ta ji bakinta na cewa, "Bai faɗa maka wace taya ba?"

"Taya?"

Kunya ta rufe ta. Mutumin ya leƙa lungun, ya daɗe yana kallo.

"Ban san yana shuka ba," ya ce.

"Wace ce Auta?"

"Ƙanwata. Ta rasu tana aji uku." Ya share gumi. "Jiya ya ce mini sun yi waya, tana lafiya. Na ɗauka zafin ciwo ne."

Ba ta san ko haƙuri za ta ba shi ba, ko shi zai gode mata.

Kafin la'asar ya kwashe katifa da rediyo. Shukar ya ce ta yi yadda ta ga dama da ita.

Da yamma ta ga tumatir ɗaya ya nuna a ƙarƙashin ganye, zafi ya tsaga gefensa. Ta tsinke, ta nufi ɗakinta, ta tsaya a tsakar gida. Ta juyo ta ɗora shi a bakin tagar Baba, kusa da kwaɗon da aka garƙame.