Matakala Goma Sha Bakwai

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Na kwanta da zanen gidan da zan gina a Malumfashi a ƙarƙashin matashina, domin mun yi da Malam Barau magini yau da hantsi za a fara haƙa tushe. Shekarata hamsin da tara, na ajiye aiki, kuma wannan ne gidan da nake sa ran daga cikinsa za a fitar da ni. A zanen akwai bene. A sama na sa ɗakina da na tantabaruna arba'in da biyu, don ina son kallon tashinsu da la'asar. A ƙasa na sa ɗakin matata, Hajiya Lantana, da keken ɗinkinta da ɗan lambunta na yakuwa. Tsakaninmu matakala goma sha bakwai. Ranar da na nuna mata, cewa ta yi, "Allah ya sa alheri," ta ci gaba da zura zare a allura.

A mafarkin na tsinci kaina a ofishin da ake tantance zanen gidaje. Ma'aikatan duk awaki ne. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki, ni ma ban gani ba. Shugabansu wani bunsuru ne mai tabarau, yana zaune a kan teburi, kujerarsa tana gefe babu kowa. Na miƙa masa zanen. Ya karɓa ya fara ci daga wajen madafa.

"Ranka ya daɗe, kwafi ɗaya ne da ni," na ce.

"Nazari muke yi," in ji shi. Ya tauna zaure, ya tauna falo. "Madafa ta yi. Zauren ya ɗan yi gishiri." Da ya zo kan matakalar sai ya lumshe ido. "Mu a nan ba mu da matsala da hawa. Saura sa hannun mai gida."

"Ni ne mai gidan."

"Kai mai ginawa ne. Shekara nawa za ka yi a ciki da waɗannan gwiwoyin? Shida ko bakwai. Mai gidan ga shi can a benci."

Na juya. Wani tsoho ne sanye da hulata, sai dai ta koɗe. Tabon da ke haɓata yana haɓarsa. Na rusuna na gaishe shi.

"Kai ne Haladu?" ya tambaye ni.

"Ni ne, Baba."

"Ni ma. Shekarata tamanin da uku. Na daɗe ina nemanka, yaro. Riƙe min hannu."

Sai ga mu a filin da za a gina gidan. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake fitowa yana tafiya sama, masu wucewa kowa ya ɗaura lema a ƙafa. Malam Barau ya riga ya zana gidan a ƙasa da toka, kamar yadda magina suke yi kafin haƙa. Babu bulo ko ɗaya. Na yi niyyar tsallake layin tokar in shiga falo, goshina ya bugi bango. Tsohon ya ce a bi ta ƙofa.

A ƙofar ya tsaya ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Wannan fa?"

"Dokin ƙofa ne, Baba. Bulo ɗaya da rabi na ɗaga shi, saboda ruwa."

"Ruwa wata uku yake zuwa a shekara. Ni kuwa, lokacin da nake fita masallaci, sau goma nake tsallake shi a rana. Sau biyu ya kayar da ni. Ruwa bai taɓa kayar da ni ba."

Ya leƙa banɗaki ya ga na tsuguno ne.

"Sauka ba wuya," ya ce. "Wa ka rubuta zai ɗaga ni?"

Na laluba aljihuna. Ban rubuta kowa ba.

Matakalar ma a kwance take a ƙasa, layi bayan layi, amma da na taka ta farko na ji ina hawa. Na ƙirga goma sha bakwai. Tsohon ya ƙirga arba'in da ɗaya. Na ce ɗayanmu ya yi kuskure.

"Babu kuskure. Duk shekara ana ƙara ɗaya. Ba a sanarwa."

Muka bi lissafinsa, tunda shi ne babba. A ta ashirin muka tarar da wata akuya ta buga mana hatimi a tafin hannu, ta ce mu huta minti biyar. Muka huta goma.

Sama akwai iska, wannan kam ban yi ƙarya a zanen ba. Ana hango gari har bayan kasuwa. Tukwanen tantabaru suna jere a bango yadda na tsara su. Na leƙa ɗaya bayan ɗaya. Babu ko gashi.

"Ina tantabarun?"

"Sun sauka. Dawa tana ƙasa. Da na kasa hawo da buhu, sai suka yi shawara suka bi buhun."

"Kai fa, Baba?"

"Ni na hau wata Talata, yau shekara tara, ban sake sauka ba. Ƙafafun nan da kake gani na ofis ne. An ara mini don in zo sa hannu. Da magariba zan mayar."

A bakin taga akwai igiya da guga. Ya ce da shi ake aiko masa tuwo, miyar a gora don kada ta zube. Daga ƙarƙashin ƙafafunmu kuma ana jin ƙarar keken ɗinki, yana tafiya yana tsayawa.

"Da shi nake sanin tana nan," ya ce.

"In ya yi shiru fa?"

"Sai in jira."

Keken ya tsaya. Muka jira tare. Can sai ga Hajiya ta fito lambu tana dafa bango, ta tsufa, tantabaru suna bin ta cikin yakuwa kamar kaji. Ta ɗaga kai.

"Malam, yaya iskar?"

"Alhamdu lillahi, Hajiya," in ji tsohon.

Sai ta gan ni. "Au, mai zane ne ya zo? Sannu da aiki. Ni ban taɓa ganin saman nan ba. An ce da kyau."

Na ce, "Hajiya, me ya hana ki magana lokacin da na nuna miki?"

"Na yi magana. Kai ne ka ce amin."

Muka koma ofis ba tare da mun sauka ba. Bunsurun yana tuƙa irin ta awaki. Ya dawo da zanen cikakke, ya ɗan jiƙe, ya shimfiɗa shi a teburi. Tsohon ya karɓi biro ya sa hannu bai karanta ba.

"Baba, ba za ka ƙi ba?"

Bunsurun ne ya amsa. "Sa hannunsa al'ada ce kawai. Ko ya ƙi, a ciki zai zauna." Ya gyara tabarau ya dube ni. "Akwai gyara, ko a zuba kankare?"

Shekara ashirin ina haya a gidajen da ba a hango komai sai katangar maƙwabci. Duk tsawon shekarun nan ina ganin kaina tsaye a saman bene, tantabaru suna kewaya ni. Na ce a ba ni minti biyu in yi tunani.

"An tashi daga aiki," in ji shi. "Wanda bai amsa ba, kankare ne."

Ya diro daga teburi, ya kama kujerarsa da haƙori ya fara jan ta zuwa ƙofa. Tsohon yana kwance ƙafafun aro yana jera su a benci. Na buɗe baki, amma ƙarar kujerar a kan siminti ta rufe muryata.

Ƙarar ce ta tashe ni. Asuba ta yi, kuma daga ɗakin Hajiya take fitowa. Na tashi na leƙa. Ta jawo farar kujerar roba zuwa bakin darduma, ta zauna ta tayar da sallah. Na tsaya a ƙofa har ta yi sallama.

"Hajiya, tun yaushe kike sallah a zaune?"

"Tun azumin bara," ta ce, ta jawo carbinta.

Na koma ɗaki na shiga neman fensir da kilinar goge zane.