Gyaɗar Asiatu

Duk Zongon Salaga ni ake kira girkin suna da biki. Ranar sunan jikata na yi tuwo da miyar gyaɗa. Mikaila, mijin 'yata, ya yi loma kaɗan, sai leɓe ya kumbura kamar na raƙumi, ido ya shige ciki.

Uwarsa Asiatu, da ta zo daga Bawku, ta miƙe tsakiyar mata: "An sa wa ɗana abu!"

Ni? Na jawo kwanon na cinye, na suɗe hannu. Ta ce ai maciji ba ya mutuwa da dafinsa. Tun ranar ba wanda ya ƙara kirana girki. Har yara in sun hango ni sai su canza hanya.

Na ce wallahi sai an wanke ni. Na tasa su gaba, Asiatu da ɗanta, muka hau lori zuwa asibiti a Yendi.

Dokta wata yarinya ce, Faridatu. Ta ce cikin gyaɗa akwai wani ƙanƙanin abu, furotin, ido ba ya ganinsa. Cikinsa rami ne kamar gora. Mai yake ɗauka yana kai wa fatar shuka, kada ta bushe, kada cuta ta shiga. An ɗaure shi ƙulli huɗu, wuta ba ta kwance shi.

Na ce, "'Yar nan, wutar wa? Ni da ƙafar saniya ke narkewa a tukunyata?"

"Ko taki, Mma. Jikin Mikaila ne ya ɗauke shi abokin gaba."

Asiatu ta ce, "Ɗan da na yaye da kunun gyaɗa?"

"Yakan zo wa mutum da girmansa, Hajiya."

"Ba dai tawa ba!" Asiatu ta zaro ƙulli daga jaka, gyaɗar gonarta ta Binduri.

Dokta ta soki ƙwaya ɗaya da allura, ta ɗan soki hannun Mikaila da ita. Kafin mu gama harara, wurin ya tashi kamar cizon rina, yana ta susa.

Na ce, "To, Asiatu, ke me kika sa masa?"

Ta ja mayafi. "Yaya, mu bar maganar nan, ai mun zama ɗaya."

"Nan? A Salaga kika faɗa, gaban mata. Can za ki janye, da irin muryar ranar."

A tasha ta nufi lorin Bawku. Na riƙe jakarta.