Ƙusoshi a Cikin Toka

Shebur na uku ne ya fito da ƙusoshin. Baba Mai Wuta, rabin jikinsa a cikin tanderu, ya ja da baya ya karkaɗe tokar a hankali: ƙusoshi, mariƙin ƙofa guda, da wayoyin taya a cukurkuɗe. Ya juye a duron ƙarfe ya danne murfin, don toka munafuka ce, sai ta kwana biyu da garwashi a ɓoye a cikinta. Sai tari ya turnuƙe shi. Ba wanda ya ce masa sannu. Masu kwaɓa fulawa suna can ɗakin gaba da rediyonsu.

Shekara ashirin da shida ke nan yana ba tanderun gidan burodin nan wuta, kuma wallahi ya san aikinsa. Busasshen ice kaɗai yake sawa, ya jera shi a gicciye don iska ta sami hanya, ya bar ƙofa a ɗan buɗe har bulon sama ya yi fari. Sannan ya janye garwashi, ya goge ƙasan da jiƙaƙƙen buhu kafin burodi ya shiga. Duk mako sai ya hau rufi da doguwar gora ya share bututun hayaƙi.

Amma tun da ice ya yi tsada, Maigida, mai gidan burodin, ya daina saye. Yanzu abin da mota ke jibge masa kayan bola ne: ƙofofin rusassun gidaje da fentinsu, katakon da ya sha maganin gara, tsofaffin tayoyi, da baƙin mai na tayar da wuta. Abin da yake kankarowa daga bututun ma ba kunkunniya ba ce kuma, wata kwalta ce mai danƙo da wari. A cikin wannan hayaƙin burodi yake nuna.

Sau ɗaya ya yi magana. Maigida ya yi dariya, ya ce ai wuta tana cinye komai. Da ya gama dariyar ya ƙara da cewa in zancen nan ya fita, ya san bakin da ya fitar da shi, kuma masu neman aiki ba sa ƙarewa a bakin ƙofa.

*

Kowane ma'aikaci yana da burodi ɗaya in an tashi. A da, Baba yakan saƙale nasa a hammata ya kai wa jikarsa, 'yar shekara biyar, wadda yake tsokana da Uwargida. Wata uku ke nan yana jefa rabonsa a wuta, yana neman gafarar Allah. Ba zai kai gida ba, kuma ba zai iya miƙa wa ɗan wani ba.

'Yarsa, mahaifiyar yarinyar, tela ce. Ta dawo gabansa tun rasuwar mijinta. Da ta tambaya, ya ce an daina bayarwa. Uwargida kuwa kullum sai ta laluba aljihunsa ta ce miji ba cefane, ita yaji za ta yi.

Sau nawa ya buɗe baki zai faɗa musu gaskiya? In ya faɗa wa 'yarsa, maƙwabciya ta ji, kafin magariba layi ya ɗauka. A rufe gidan burodi, magidanta goma su zauna, shi ne na farko. Abin da ya fi ba shi tsoro ma shi ne ta dube shi ta ce, to hannun wa yake tura tayoyin? Sai ya haɗiye maganar. Ya daina zama a tsakar gida, ya koma cin tuwonsa a ɗaki shi kaɗai, kuma kaɗaicin yana cinsa.

*

Ranar da ya share bututu ya dawo da la'asar, idanunsa jajir. Keken ɗinki yana ta ƙara a ciki. Uwargida tana zaune a dokin ƙofa da kofin shayi, ga burodi a cinyarta cikin leda mai jan tambari. Ya san ledar nan kamar tafin hannunsa, ta gidan burodinsu ce.

"Tunda kai ka gaza, Umma ta sayo mini a shago," in ji ta. Ta gutsuro ɗan ƙarami ta miƙa masa. "Ungo, na yafe maka."

Ta riga ta ci kusan kwata.

"Ba ni duka," ya ce.

Ta ɗauka wasa ne, har ta fara dariya. Ya karɓe ledar, ya tsaya a gabanta yana tura burodin a baki, gaya, ba ruwa, yana shaƙewa yana haɗiyewa, har ɓurɓushin. Yarinyar ta fara kuka. Keken ɗinki ya tsaya.

"Haba Baba," 'yarsa ta ce a hankali daga bakin ƙofa. "Abincin yarinya?"

Ya shige ɗakinsa ya zauna a bakin katifa, ledar a dunƙule a hannunsa, yatsunsa suna warin taya. Ta jikin bango yana jin 'yarsa tana rarrashi.

"Yi shiru, rabu da shi, tsufa ne. Gobe zan sayo miki wani, ki ci kafin ya dawo."