Allura a Bakin Katifa

Tun da kwalin zuba allura ya ƙare a ɗan asibitin Dokta Emenike da ke Sabon Gari, nas-nas suka koma soke tsohuwar allura a bakin katifa, wai sai hannu ya samu sarari a cire. Sau uku Sista Rhoda tana rubuta masa takarda a sayo kwali. Sau uku yana ɗora kofin shayinsa a kanta.

Ranar Talata da safe Diana mai shara, da goyonta a baya, ta zo juya katifar gado na uku, allura ta shige mata yatsa. Ta tsotse jinin ta ci gaba da aiki.

Rhoda ta taho da sauri. Ita ta soke allurar nan jiya, kuma ta san mai gadon ƙanjamau gare shi.

"Maman Shekari," ta ce wa Diana, "ajiye tsintsiyar nan. Akwai maganin kariya, amma in ya wuce kwana uku ba ya aiki."

Suka hau acaɓa zuwa babban asibiti can gaba da Samaru. Aka ce sai da takarda daga wurin aikinta, mai nuna jinin wa ke jikin allurar. Suka juyo cikin rana, yaro na ta kuka.

Da suka nemi takardar, Dokta ko ɗago kai bai yi ba. "A asibitina ba a barin allura a katifa. Wace ce ta bari? In ji sunanta, yau ta bar aiki."

Rhoda na da 'ya'ya uku, mijinta kuma ba ya aiki. Tsoro ya kama ta sosai. Ta shiga ɗakin marasa lafiya, ta bi katifu tana zaro allurai, ta zo ta zube masa su a tebur kusa da kofin shayin.

"Ta gado na uku tawa ce. Rubuta sunana, ka sa hannu."

Ya sa hannu, ya ce ta ajiye makullin ɗakin magani.

A bakin titi suna jiran acaɓar komawa babban asibiti, Diana ta kwance goyon. Yaron na laluben rigarta, ta riƙe masa hannu.

"Sista," ta ce, "in ba shi nono, ko kar in ba shi?"