Hawainiya a Takardar Bita

Malamin adabi ya ba su Auta aikin gida: kowa ya kasa kunne a gidansu, ya kawo misalan adon harshe daga bakin mutane, ba daga littafi ba. Auta 'yata ce, tana ajin ƙarshe a sakandare. Ba ta sha wahalar aikin ba, don uwarta ko tsintsiya za ta ce a miƙo mata sai ta yi wa maganar kwalliya.

Misalan sun yi wa malamin daɗi. Ya zaɓi wasu ya sa a takardar bitar jarrabawa, da sunan wanda ya kawo kowanne a gefe, aka buga aka raba wa aji. A ƙarƙashin dabbantarwa, wato ba mutum siffar dabba, an rubuta: "Mai ɗinkin layinmu hawainiya ce." Sai malamin ya ƙara bayani nasa: hawainiya tana sauya launi, don haka ana nufin mai fuska biyu.

Mai ɗinki ɗaya ce a layinmu, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma 'yarta ajinsu ɗaya da Auta. A shagonta matata take koyon ɗinki. Keken ba namu ba ne. Duk ranar da aka ce kada ta sake zuwa, koyon ya tsaya ke nan.

Ina zaune a bakin ƙofar falo ina kwance wata fanka da ta daina juyawa, Mai ɗinki ta yi sallama. Tef ɗin awo na rataye a wuyanta, takardar na hannunta. Ta gaishe ni a tsaye.

"Baban Auta, ina matarka?"

Matata ta fito daga kicin tana goge hannu. "Yaya, ke ce? Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Auta, zo ki karanta wa uwarki. Da ƙarfi, yadda ake yi a makaranta."

Auta ta karanta, muryarta kamar ta sauro. Da ta kai kan bayanin malamin, matata ta dafe ƙirji.

"Fuska biyu? Ni na ce haka?"

"To wa ya ce? Fankar nan?"

"Wallahi Yaya, hawainiya na ce, ban musa ba. Amma ban ce fuska biyu ba."

"Hawainiya dai guda ce. Na ɗora ki a kekena, na nuna miki yankan hannun riga, ashe ni munafuka ce. Yanzu yaran unguwa suna haddace ni don jarrabawa!"

Matata ta dube ni. Na ci gaba da goge ƙurar fanka, don na lura amsar na bakinta, nauyin faɗa take ji. Can ta sunkuyar da kai.

"Tafiyarta nake nufi."

"Tafiyar wa?"

"Ta hawainiya. Ranar da rigar makarantar Auta ta daɗe a wurinki ne. Na ce kafin ki sa maɓalli ɗaya jariri ya yi furfura."

"Ai na kai wannan ma," in ji Auta, "malam ya ce kambamawa ce, amma wuri ya ƙare."

"Ke, rufe mana baki!" in ji uwarta.

Mai ɗinki ta ja kujerar da ta ƙi ɗazu, ta zauna, ta sake duba takardar.

"Wato nawa gare ni, ba ni da sauri."

"Kaɗan, Yaya."

"Kaɗan ne jariri zai yi furfura?" Ta juyo gare ni. "Baban Auta, kai da ba ka magana, nawa gare ni?"

Na ce rigar da ta ɗinka mini tun Auta na firamare har yau ko zare bai tsinke ba.

"Ka ji ɗan boko, an tambaye shi gabas ya nuna yamma." Ta naɗe takardar. "Nawa dai na yarda, kowa ya sani, mai gaggawa ya tafi wani shagon. Amma fuska biyu ba za ta zauna a takarda da sunan layinmu ba. Auta, gobe ki gaya wa malaminku ya gyara."

"Anti, an riga an raba wa kowa. Kuma idan ya fito a jarrabawa, abin da ke takarda ake so."

"To ki faɗi wannan tambayar, ba a mutuwa. Ki ce masa wadda ta yi maganar tana raye, ya tambaye ta kafin ya yi mata fassara."

Ta miƙe. Matata ta bi ta har ƙofa, ba ta iya tambayar ko ta zo shago gobe ba, ta dai tsaya tana murɗa bakin zane.

"Me kike kallona? Gobe da safe akwai rigunan 'yan makaranta a shago, duk babu maɓalli. Ke za ki sa su. Ni zan zauna in ga yadda masu sauri suke yi."