Rariyar Helen

Tun ranar da aka ga Helen tana tankaɗe ƙasa da rariya a kufan bayan Kazage, garin ya daina amsa mata gaisuwa da zuciya ɗaya. A ƙasar Birnin Gwari, wa ke tankaɗe ƙasa in ba mai neman zinare ba? Kuma kowa ya san inda zinare ya ɓulla, mutanen daji na tafe da bindigogi.

Ita kuwa baiwar Allah ilmin kufai ta karanto a jami'a. Murhun narka tama na kakanninta ta gano, da ransa da lafiyarsa, bai ko tsage ba. Burinta ta kawo ɗaliban garin su gani da idonsu.

Kawunta Japheth, dattijon unguwa, ya same ta a bakin ramin da ta haƙa. Ya daɗe yana leƙen buhunta.

"Helen, me kike tarawa?"

"Kashin maƙera ne, Kawu, dattin ƙarfe, da tsingaro." Ta zazzage masa a gabansa.

Ya tona da tsinin sandarsa, ya ɗauki guda ya auna nauyinsa a tafin hannu, har da lasawa.

"Wato tun daga Zariya kika taso saboda fasasshiyar tukunya? Haba 'yar nan, ni na goya ki fa."

"Wallahi Kawu, iyakarta ke nan. Mutanenmu sun narka ƙarfe a nan."

"To madalla," ya ce, yana kallon aljihun rigarta.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Don a kwantar da hankali, ta rufe ramin da zana, ta tafi Zariya ɗauko malaminta ya yi wa gari bayani.

Da ta dawo da shi, daga nesa ta jiyo ƙarar diga. Kufan ya zama ramuka kamar gonar doya bayan girbi. Matasa na ta haƙa, mata na kwasa da kwanuka. Murhun kuwa an farfasa cikinsa, an leƙa, an watsar.

Kawu Japheth ya ɗago daga wani rami, jar ƙasa har gira. Ba kunya a fuskarsa, sai tsoro.

"Gwamma mu kwashe kafin labari ya shiga daji," ya ce a hankali. "Ki dubi girman Allah, Helen, ki nuna mana daidai wurin."