Koren Zobe a Ƙugun Goggo

A ofishin tsara gari Taswira suke ce mata, don ba a taɓa ganinta ba taswira a hammata ba. Da zafinta ta gama karatu, da zafinta ta shigo aiki, ta tarar da ofishin da ko fankarsa sai ta ga dama take juyawa. Garin kuwa kullum ƙara toyewa yake yi. Duk inda aka ga itace mai inuwa sai a sare a yi shago, har ta kai awaki na rububin inuwar turken lantarki.

Ta daɗe tana naci kafin majalisar gari ta amince da dokar kurmi. Dokar ba ta da wuyar ganewa. Duk wanda ke da itatuwa da yawa wuri guda a filinsa, in ya yarda, ma'aikacin hukuma zai zo ya zagaye kowanne da koren fenti. Abin da ke ɗauke da koren zoben nan ba a sare shi, ba a tuge shi, ba a matsar da shi. Mai injin saran da ya taɓa shi kuwa, a ƙwace injin. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka jefa dokar a durowa. Itace ko ɗaya bai ga fenti ba.

Abin kunyar, kurmin da ya fi shiga haɗari na gidansu ne. A bayan gidan kakanta akwai fili cike da mangwaro da darbejiya, da 'yar gwaiba a kusurwa, da wata tsohuwar tsamiya a tsakiya. Gadon Goggonta ne da Baffanta, ba a raba ba. Goggo ce babba, kuma a gindin tsamiyar nan take wuni a kujerar roba, tana tsefe zare tana kukan ciwon gwiwa. Baffa kuwa wurin wankin mota yake son yi.

"Yaya, inuwa ake ci?" yakan ce.

"To kai siminti za ka sha, Auta?"

Ran nan da safe, Taswira ko jaka ba ta ajiye ba wayar Goggo ta shigo.

"Ke 'yar boko, Baffanki ya tafi ɗauko mai injin sara. Ya ce yau ko ni ko shi. Ina fentin naku da kike ta cika mana kunne da shi?"

Taswira ta faɗa ofishin shugaban sashe ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Mutum ne mai sanyin jiki da ake kira Sai Gobe a bayan idonsa. Ta same shi yana tsoma biskit a shayi.

"Ranka ya daɗe, yau za a sare kurmi guda, kuma ɗaya daga cikin masu filin ta yarda a sa alama. Doka ta ce yardar mutum ɗaya ta isa."

"Malama, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki bari sai gobe."

"A ofishin nan ko goran ba a shuka ba, ranka ya daɗe! Gobe gawayi za mu shafa wa fentin?"

Biskit ɗin ya karye ya nutse. Sai Gobe ya dubi kofin da takaici, ya ga in bai sallame ta ba sauran ma haka za su ƙare. Ya ce mai fenti ya je. Amma ita ba inda za ta, don yau kwamitin ƙara inuwa a gari zai zauna, kuma ita ce mai rubuta abin da aka tattauna.

A sito wani ɓacin ran ke jiranta. An ƙarar da koren fentin wajen shafe ƙofar ofis da duwatsun bakin titi, wai don baƙi su ga gari ya yi kore. Ɗan gwangwani ɗaya ya rage. Ta damƙa wa mai fenti, ta kwatanta masa gida, ya hau kekensa.

Shi mai fentin nan aƙidarsa ɗaya ce a duniya: abin da aka ce, shi ake yi. An taɓa sa shi jan farin layi a titi har ƙarshe, ya bi ta kan takalmin wani mai gadi da ke gyangyaɗi, don ba a ce masa ya kauce ba.

Kwamiti ya zauna. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta daidai ƙarƙashin taga. Manyan mutane masu digiri suka shiga musu kan hular da za a raba ranar ƙaddamar da shirin inuwa, ko kore mai duhu ko mai haske. Wani ya kawo shawarar a shafa wa rufin gidaje koren fenti, yadda in an ɗauki hoto daga sama za a ga gari ya cika da ganye. Aka ce masa madalla, Allah ya ƙara basira. Taswira ta danna biro har takarda ta huje.

Wayarta ta yi ƙugi. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta toshe kunne ɗaya.

"Malama, na iso," in ji mai fenti. "Ga fili, ga kuma wata mama a kujera. Fentin kaɗan ne fa. Me zan shafa wa?"

"Itace za ka shafa wa!"

"Ita ce?"

"E mana, itace! Ka zagaye da kyau, daidai ƙugu, kada ka bar ko'ina."

Janareta na ta ruri.

"Malama, babba ce fa. Tsohuwa ce."

Taswira ta ɗauka tsamiya yake nufi. "Tsohuwar ce ma ta fi muhimmanci. Da ita za ka fara!"

"To, shi ke nan. Abin da aka ce."

Ta ɗago kai ta buge da tebur, Sai Gobe ya harare ta. Ita itace mai ganye ta faɗa, shi kuwa "ita ce" ya ji, kuma ba wanda ya san an yi baran-baran.

Da aka koma kan ko hular za ta zama mai baki ko marar baki, haƙurinta ya ƙare. Ta ajiye biro ta ce za ta zagaya, ta fita ta tare babur.

Tun daga bakin fili ta hau duba itatuwan. Mangwaro ba fenti. Darbejiya ba fenti. Tsamiya na nan yadda Allah ya halicce ta. A tsakiyar fili kuwa ga Goggo tsaye, ta ware hannuwa kamar shanya, ƙugunta zagaye da wani faffaɗan koren zobe, sharkaf a kan zane. Mai fenti na gefe yana goge buroshi, ga gwangwani a kife.

"Goggo! Mene ne wannan?"

"Ke za a tambaya. Ya ce ke kika ce, na ce to, 'yan boko sun fi mu sani. Yaron kirki ne ma, mai kunya. Kau da kai ya yi ya miƙo buroshin, ni na yi ta juyawa."

"Itace na ce! Itace! Bishiya!"

"Ai da bishiya kika ce, Malama," in ji mai fenti, "da bishiya na shafa wa."

"Ina sauran fentin?"

"Zane ya shanye. Mama ba ƙaramar mace ba ce."

"Ki daina yi masa tsawa," in ji Goggo. "Tunda nake ban taɓa samun komai daga hukuma ba sai yau. Ya ce duk mai zoben nan ba a matsar da shi. Kullum Baffanki sai ya ce in matsa."

Kamar an kira shi, sai ga Baffa cikin farar riga, mai inji na biye da shi da injin sara a kafaɗa. Baffa ya dubi yayarsa, ya dubi itatuwan, ya fahimci abin da ya faru. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Karatu ya yi rana! Yaya, Allah ya sanya alheri, kin zama bishiyar hukuma. A riƙa ba ki ruwa safe da yamma." Ya juya ga mai inji. "Duba da kyau, ka ga alama a jikin wani itace?"

Mai inji ya zagaya ya dawo. "Babu, maigida."

"To bismilla. Fara da tsamiyar."

Mai inji ya taka injin ya fizgi igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake fizga. Taswira ta dubi tsamiyar da ta koyi tafiya a gindinta, ta tuna duk nacin da ta sha kan doka, sai ga hawaye. Ba ta so ba, haushi ne ya yi mata yawa.

"Zo nan," in ji Goggo. "Kada ki yi kuka a gaban Auta, daɗi zai ji."

Ta jawo ta ta rungume tsam. Da ta sake ta, Taswira ta ji sanyi a ciki. Ta duba, ga koren layi ya fito raɗau a rigar aikinta. Ta dubi rigar, ta dubi ƙugun Goggo, ta dubi tsamiya.

"Goggo, rungumi tsamiyar nan."

"Ke, lafiyarki ƙalau?"

"Fentin bai bushe ba! Ki manna mata, ki zagaya!"

Goggo ba ta yi boko ba, amma ba a faɗa mata magana sau biyu. Ta manna ƙugu da tsamiya ta bi ta da goga har ta dawo inda ta fara. Injin ya tashi da ƙara, mai inji ya ɗago, ya yi turus. Koren zobe ya zagaye tsamiya, a karkace, amma zobe ne.

"Wuce wurin mangwaro!" in ji Baffa.

Kafin mai inji ya kai, Goggo ta riga shi. Ya nufi darbejiya, Taswira ta ja hannun Goggo suka tare shi a can. Gwiwar da aka yi shekaru ana kuka da ita yau ta manta tana ciwo. In gaban zane ya ƙare sai a juya baya, in baya ya ƙare a koma kwiɓi. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna ba da hanya: "Mama, ga wani can a bayanki! Hagu, hagu!" Mai inji na ta zirga-zirga da inji mai nauyi, duk inda ya je ya tarar da kore yana sheƙi. Daga ƙarshe ya kashe injin ya zauna a kai yana haki.

"Wannan ba alama ba ce!" Baffa ya ɗaga murya. "Shafar zane ce!"

"Fentin hukuma ne," in ji mai fenti. "Ni na buɗe gwangwanin."

"Doka ta ce ma'aikacin hukuma ya zagaye itace da fenti," in ji Taswira. "Ba ta ce da me ba. Ni ma'aikaciyar hukuma ce, Baffa. Goggo kuma buroshi."

"Ke, kiyayi bakinki," in ji Goggo tana fifita da gefen mayafi.

Baffa ya ce mai inji ya tashi ya yi abin da ya kawo shi. Mai inji ya girgiza kai.

"Maigida, injin nan shi ne uwata shi ne ubana. Ko kare na gani da koren nan, hanya zan ba shi."

Baffa ya karɓi lambar shugaban sashe a wurin mai fenti, ya jingina da tsamiya, ya kira, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Ya zayyana komai, ya ce a yanke hukunci yanzu cewa alamar ƙugu ba alama ba ce. Aka ji ƙarar cokali a kofi, sannan muryar Sai Gobe.

"Lamarin babba ne, maigida. Sai mun kafa kwamiti ya duba. Kafin nan kada a taɓa komai. Ka zo gobe."

Taswira ta san goben nan. Tunda ta fara aiki take jiranta ba ta iso ba. Haushi ya kama ta da ta ga lalacin da take yaƙi da shi ne yau ya tsaya mata, amma ta haɗiye.

Baffa ya waiga kamar mai neman abin da zai huce a kai, ya hango 'yar gwaibar kusurwa. Ita kaɗai ta rage, don kafin a kai gare ta zanen Goggo ya bushe. Ya taka da sauri ya tsaya a gabanta, ya jingina baya, ya harɗe hannu.

"To wannan dai ba mai hana ni. Zo ka sare ta, ko sandar mopar goge ɗaki na yi da ita!"

Mai inji ya taso. Baffa ya matsa ya ba shi wuri. Mai inji ya dubi gwaiba, ya dubi bayan farar rigar Baffa, ya koma ya zauna.

"Maigida, ai ka riga ka shafe ta."

Koren da ya kwaso a jikin tsamiya ne. Baffa ya yi ta juyawa yana neman ganin bayansa, kamar mage mai bin jelarta. Masu leƙe ta katanga suka zube da dariya.

"Auta, sannu da shigowa," in ji Goggo. "Yanzu kai ma ba a matsar da kai."

Baffa ya daina juyawa. Gumi ya jiƙa shi, rana ta take, wajen fili kuwa kwalta har turiri take. Iska ta kaɗa ganyen tsamiya ta sauko masa a wuya.

"Tunda ba a matsar da ni," ya ce da Taswira, "ɗauko min kujerar can."

"Tawa ce," in ji Goggo. "Sabon dashe a ƙasa yake zama."